Albert-Félix de Lapparent, Mai Bin Sawun Haƙoran Dauri a Hamadar Nijar

An haifi Albert-Félix de Lapparent a ƙasar Faransa cikin shekarar 1905, a gidan da ilmin duwatsu ya zama gado, domin kakansa ma shahararren malami ne a wannan fanni. Ya zama limamin cocin Katolika, ya kuma koyar da ilmin duwatsu a Jami'ar Katolika ta birnin Faris.

Daga 1946 zuwa 1959 ya shiga hamadar Sahara har sau tara, galibi a kan raƙumi. A Nijar ya zazzaga yankin In Gal da tsaunukan Tigidi, ƙasar da gishirinta ya daɗe yana shigowa kasuwannin Hausa. Makiyaya sun san da ƙasusuwan da ke warwatse a wurin tun kafin zuwansa. Aikinsa shi ne tattara su da auna su, har ya tabbatar cewa na manyan dabbobin dauri ne da ake kira dinoso.

Haƙori ya fi sauran jiki ƙwari, saboda haka shi ke saura bayan ƙashi ya ruɓe, kuma siffarsa kan nuna abincin dabba. Daga cikin abin da ya tsinta akwai haƙoran Carcharodontosaurus, masu baki kamar zarto, shaidar cewa wani babban mafarauci ya yi zamani a inda yau babu komai sai rairayi. Cikin 1960 ya wallafa littafinsa a kan dinoso na tsakiyar Sahara.

Gaskiya ne ya yi gaggawar raɗa wa wasu dabbobi suna bisa 'yan guntayen ƙasusuwa, kuma masana na baya sun gyara da dama. Haka nan ƙananan dabbobi masu shayarwa na wancan zamani, waɗanda yawancinsu ba su wuce ɓera ba, sun kuɓuce masa. Haƙoransu kamar ƙwayar gero suke, sai an tankaɗe ƙasa mai yawa ake ganin ɗaya, aikin da ya fi ƙarfin mutum guda da raƙuminsa. Sai a 1988 aka ba da sanarwar samun irinsu a arewacin Kamaru.

Ya kuma yi bincike a Afganistan. Ya rasu cikin 1975. A 1998 aka raɗa wa wani dinoso na Gadufawa suna Cristatusaurus lapparenti don tunawa da shi.