David Asante, 1834–1892

Mu da muka yi makarantar mishan, ya kamata mu san David Asante na ƙasar Gana. Ɗan gidan sarautar Akropong ne, amma ya yi yaron gida wurin Turawan mishan na Basel. Da aka buɗe makarantar horon malamai a garin a 1848, yana cikin almajirai biyar na fari. Shekara biyar suka yi suna karatu, har da Jamusanci da Helenanci. Ya tafi Basel a 1857, aka naɗa shi fasto a 1862. A Kibi ya tsaya wa bayin sarki, sarkin kuwa ɗan'uwansa ne, aka kore shi a 1877. Ya kai har Salaga, inda fataken Hausawa suke sayen goro a zamanin. Ya yi barci cikin Ubangiji a 1892.