Muhammadu Gado Bakwakwa, Jikan Katsinawa Da Aka Kai Bauta Birazil

Mazauna Sabon Ibadan da 'yan kasuwar Bodija sun san abin da ake ce wa kewar gida. To, ga tarihin wani ɗan zango da ya sha ta fiye da kowa.

An haifi Muhammadu Gado a garin Zugu, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yanzu, kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro daga Kano. Mahaifinsa Musulmi ne ɗan kasuwa, mahaifiyarsa kuwa asalinta Bakatsiniya ce. Ana ce masa Gado domin shi ya bi tagwaye, watau Gambo ke nan. An sa shi makarantar allo, amma bai zauna ba, sai ya shiga barantakar wani sarki a kusa da garinsu.

A nan ne mahassada suka gayyace shi ziyara, suka ɗirka masa giya. Da gari ya waye sai ya ga kansa a ɗaure, an sayar da shi. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har bakin teku a Dahomey, aka zuba su a jirgin ruwa wajen shekarar 1845.

A lardin Pernambuco na ƙasar Birazil aka sauke su a ɓoye, don tun 1831 doka ta hana shigo da bayi. Wani mai gidan burodi ya saye shi, ya sa shi dakon duwatsu da talla, ga bulala kullum. Wuya ta yi wuya har ya faɗa ruwa don ya mutu, aka tsamo shi. Daga nan aka sayar da shi ga wani mai jirgi a birnin Rio de Janeiro.

A cikin 1847 jirgin ya kai kofi New York. Muhammadu ya ji ba a bauta a wannan gari, sai ya gudu. Aka kama shi aka tsare, amma ya sake kuɓuta, masu ƙin bauta suka tura shi Haiti. A can ya shiga addinin Kirista a 1848. Ya koma Amurka ya yi karatu, sa'an nan a 1854 aka buga littafin tarihinsa a Detroit. Gurinsa shi ne ya sami guzurin komawa Afirka, ya ga mahaifiyarsa. A 1855 ya sauka Liverpool ta Ingila, kuma har 1857 yana nan yana neman hanya.

Duk wanda Allah ya kai Rio, ya ziyarci kufan mashigin Valongo, inda aka sauke 'yan Afirka kimanin 900,000. An tono shi a 2011, kuma a 2017 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya. In ya tsaya a wurin, ya tuna da jikan Katsinawa, ya kuma gode Allah da yake shi kuɗin mota kaɗai ke tsakaninsa da gida.