Diori Hamani: malamin makarantar da ya nema wa Nijar hanyoyin fita zuwa teku

Duk buhun shinkafar waje da aka sauke a kasuwar Maraɗi, da duk babur ɗin da aka kwance daga kwali a Damagaram, sai da ya ratsa ƙasar wani kafin ya iso. Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda ƙasar ta daɗe tana dogaro da ita, tana da nisan sama da kilomita 1,000 daga Yamai. Matasa da dama sun san sunan Diori Hamani ne daga filin jirgin saman babban birni. Kaɗan ne suka san cewa da dama daga cikin yarjejeniyoyin da suka tsara shige da ficen kaya tsakanin Nijar da maƙwabtanta a zamaninsa aka ƙulla su, tsakanin 1959 da 1974.

Daga Sudure zuwa majalisar Faransa

An haifi Diori Hamani ranar 6 ga Yuni 1916 a Sudure, kusa da Yamai, a gidan Zabarmawa. Mahaifinsa ma'aikacin lafiya ne a gwamnatin mulkin mallaka. Ya fara karatu a Yamai, ya wuce Porto-Novo a ƙasar Dahome, wato Benin ta yau, sannan ya shiga makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, inda 'yan boko da yawa na Afirka ta Yamma suka yi karatu. Da ya dawo gida ya koyar a Yamai da Maraɗi, daga baya aka kai shi birnin Paris yana koyar da Hausa da Zabarmanci ga Turawan da ake shiryawa don aikin mulki a Afirka.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA a Nijar, kuma a shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. A can abotarsa da Félix Houphouët-Boigny na Kodibuwa ta yi ƙarfi. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Diori ya goyi bayan zama cikin tarayyar Faransa, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba kuma ya nemi 'yanci nan take. Ɓangaren Diori ya yi rinjaye da goyon bayan hukumomin mulkin mallaka, ya karɓi gwamnati a Disambar shekarar, kuma shi ne ya shelanta 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960.

Gujiya da hanyoyi biyu

Ƙasar da ya gada ba ta da layin dogo ko kilomita ɗaya, kuma kwalta kaɗan ce ƙwarai. Arzikinta a lokacin gujiya ce da dabbobi. Gujiyar kuwa a yankunan Maraɗi da Damagaram ake nomanta, dab da iyakar Najeriya mai tsawon kusan kilomita 1,500. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a farkon shekarun 1910, daga baya Ƙaura Namoda da Nguru, hanya mafi sauƙi ga manomin Magarya ko Tasawa ita ce a kai amfanin gonarsa kudu, jirgi ya ɗauka zuwa Legas.

Faransawa ba su so kuɗin sufurin ya riƙa faɗawa aljihun ƙasar da Ingila ke mulka ba. A farkon shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani tsari da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa, tsuntsuwar da ke kai da komowa. Jirgin ƙasa yana ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Parakou, tafiyar kilomita 438, manyan motoci su kwaso su zuwa Nijar, su koma da gujiya. Da yake hanyar ta fi ta Kano tsawo da tsada, sai aka riƙa cike giɓin da tallafi. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a ƙarshen shekarun 1950 ta ƙara wa wannan hanya ƙarfi.

Diori ya karɓi wannan tsari ya ba shi gindin zama. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri, OCDN, wadda daga baya ta koma OCBN. Ta wannan hukuma Nijar ta zama mai hannun jari a layin dogon da ba ya taka ƙasarta. A ranar 29 ga Mayun shekarar, a Abidjan, shi da Houphouët-Boigny da Hubert Maga na Dahome da Maurice Yaméogo na Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, suka kafa majalisar fahimtar juna ta Conseil de l'Entente. Manufarta daidaita harkokin duwan da sufuri da sadarwa, tare da asusun taimakon juna wanda Kodibuwa ce ta fi zuba masa kuɗi. Togo ta shiga a 1966. A cikin gida kuma gwamnatinsa ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gujiya da fitar da ita, da kamfanin sufuri na SNTN a 1963.

Darasin tsibirin Lete

Ba a jima ba aka gane hatsarin rataya ƙasa a kan hanya guda. A Oktoba 1963 sojoji ƙarƙashin Kanar Christophe Soglo suka kifar da Hubert Maga, abokin Diori. Dangantaka ta yi tsami, tsohuwar taƙaddama kan tsibirin Lete da ke tsakiyar kogin Kwara ta taso, tsibirin da makiyayan Nijar da manoman Dahome ke amfani da shi. A ƙarshen shekarar gwamnatin Yamai ta kori ma'aikatan Dahome da ke aiki a ofisoshinta, Dahome kuma ta mayar da martani da toshe hanyar kaya. Hajojin Nijar suka maƙale a Kwatano, ƙasashen biyu suka tura sojoji bakin kogi, aka koma neman mafita ta Najeriya da ta Wagadugu.

Sulhu ya samu ne a Yamusukro ranar 18 ga Janairu 1965, inda aka amince mutanen ɓangarorin biyu su ci gaba da zama a tsibirin har ranar da za a yanke hukunci. Hukuncin bai zo ba sai bayan shekara 40, lokacin da kotun duniya da ke birnin Hague ta ba Nijar tsibirin ranar 12 ga Yuli 2005. Abin da ya dami Diori a 1965 shi ne motoci su ci gaba da tafiya, don haka ya yarda a jingine maganar mallaka. A shekarar ce kuma aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Tun ana cikin rikicin, Yamai ta zama wurin taron ƙasashen da ke raba ruwa ɗaya. A Oktoba 1963 aka sa hannu kan yarjejeniyar Yamai da ta tabbatar da 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwara, a Nuwamba 1964 kuma aka kafa hukumar kogin mai ƙasashe 9, wadda ta zama ABN a 1980, kuma har yau mazauninta na Yamai. Ranar 22 ga Mayu 1964 a Fort-Lamy, Njamena ta yau, Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi suka kafa hukumar tafkin Chadi.

Lokacin da ya saɓa wa Faransa saboda Najeriya

Babban gwajin ya zo da yaƙin basasar Najeriya, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Gwamnatin Janar de Gaulle ta karkata ga Biyafara, kuma Houphouët-Boigny ya amince da ita a matsayin ƙasa a 1968. Faransa ce ke tallafa wa kasafin kuɗin Nijar, ita ke sayen gujiyarta, Houphouët kuwa shi ne babban abokin siyasar Diori. Duk da haka Diori ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Yakubu Gowon.

Dalilinsa a bayyane yake ga duk wanda ya san kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari. Shanun Nijar a Najeriya ake sayar da su, dangi na zaune a ɓangarorin biyu, kuma wargajewar Najeriya na nufin rushewar babbar kasuwar ƙasar. Diori na cikin shugabanni 6 da ƙungiyar haɗin kan Afirka ta ɗora wa aikin sasanci, kuma a Yuli 1968 ya karɓi baƙuncin tattaunawa a Yamai, inda Gowon da Odumegwu Ojukwu kowanne ya zo ya gabatar da matsayinsa. Taron bai tsayar da yaƙin ba, amma hukumomin Legas ba su manta da matsayin Nijar ba.

A Maris 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai sakatariya a Yamai, don kula da kasuwanci da hanyoyi da ruwa da lafiyar dabbobi da al'amuran iyaka. A wannan yanayi aka ƙulla yarjejeniyar sayen wutar lantarki daga madatsar Kainji, wadda ta iso Yamai ta Birnin Kebbi a 1976, bayan ya bar mulki. A shekarun yaƙin da bayansa ne kuma Alhazan Maraɗi suka bunƙasa, suna shigo da atamfa da taba ta Kwatano da Lome suna wucewa da su kasuwannin arewacin Najeriya.

Gada, kwalta da kasuwar bai ɗaya

A Disamba 1970 aka buɗe gadar Kennedy a Yamai da kuɗin Amurka. Kafin nan da jirgin fito ake tsallake kogin, don haka gadar ta sauƙaƙa tafiya zuwa Wagadugu, daga can zuwa Abidjan da Lome. A watan ne Nijar da Mali da Haute-Volta suka kafa hukumar raya yankin Liptako-Gurma. A gabas, Diori ya samo tallafin Kanada don shimfiɗa hanyar Gure zuwa Gigimi, wadda aka raɗa wa suna hanyar haɗin kan ƙasa.

A Afrilu 1973 ya sa hannu a Abidjan kan yarjejeniyar CEAO, kasuwar bai ɗaya ta ƙasashe 6 masu amfani da Faransanci. Sai dai yana cikin masu ganin cewa kasuwar da babu Najeriya a cikinta ba za ta biya wa Nijar buƙata ba, tunda mafi yawan cinikin talakawanta da kudu ake yin sa, ko an rubuta a takardar duwan ko ba a rubuta ba. Ƙungiyar da ta haɗa kowa, CEDEAO, an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, lokacin yana tsare.

Inda ya gaza

Sunan da ya yi a waje bai yi daidai da halin da ake ciki a gida ba. Tun 1959 aka haramta Sawaba, ƙasar ta koma hannun jam'iyya ɗaya. Bayan hare-haren 'yan Sawaba na 1964 an kashe wasu a bainar jama'a, an tsare da dama, kuma a Afrilu 1965 aka jefa masa gurneti a filin idin Sallar Layya, ya tsira. Fatake da direbobi da 'yan ci-rani, waɗanda Sawaba ke da magoya baya da yawa a cikinsu, sun sha bincike da tsangwama a kan hanyoyin da gwamnati ke cewa tana son buɗewa.

Layin dogon da aka yi ta alkawarin zai tashi daga Parakou zuwa Dosso da Yamai bai samu kuɗi ba. Da fari ya tsananta daga 1968 zuwa 1974, rashin hanyoyi ya fito fili: abincin agaji ya riƙa taruwa a tashoshin ruwa da rumbuna alhali mutane da dabbobi na mutuwa a karkara, ga zargin cewa wasu na kusa da mulki na karkatar da shi. Ranar 15 ga Afrilu 1974, yayin da yake neman Faransa ta ƙara farashin uranium na Arlit, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché suka kifar da shi. An kashe matarsa Aissa Diori a daren. Ya yi shekaru a tsare, da farko a Damagaram, sannan aka yi masa ɗaurin talala a Yamai. Ya rasu a Rabat ta ƙasar Maroko ranar 23 ga Afrilu 1989, yana da shekara 72.

Abin da ya rage

Matsalar da ya yi fama da ita ba ta gushe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya tsayar da motoci a Malanville da Ƙonni da Ɗan Isa, farashin abinci da magani ya tashi. Bayan ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso, ƙasashe ukun da suka kafa hukumar Liptako-Gurma a 1970, suka kammala ficewa daga CEDEAO.

Layin dogon Yamai zuwa Dosso da aka shimfiɗa a tsakiyar shekarun 2010 bai haɗu da na Parakou ba. Wanda ake sa ran zai fara haɗa Nijar da teku shi ne na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kuma hanyar da zai bi ita ce wadda gujiyar Maraɗi ke bi tun kafin tsarin Hirondelle. Ko da an gama shi, amfaninsa ga ɗan kasuwar Maraɗi zai dogara ne da abin da Diori ya shafe shekara 15 yana nema daga maƙwabta, wato yarjejeniyar da za ta bar kaya su wuce ko da shugabanni sun saɓa.