Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gari

Har wa yau akwai masu cewa ilimi mai zurfi na maza ne, mace kuwa iyakarta madafi da reno. Tarihin Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya isa amsa ga mai wannan zance.

An haife ta a Ɗagel a shekarar 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan. Ta tashi a gidan da ba a rarrabe ɗa da 'ya wajen karatu, domin Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta sauke Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da wahalar jihadi da idonta.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aure da haihuwa ba su raba ta da alƙalami ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, abin da ya iso gare mu ya kai sittin, na wa'azi da tarihi da marsiyya. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka tattara littattafansa suka adana, manyan malamai kuma suna rubuto mata wasiƙu tana ba su amsa.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Ta lura matan ƙauye ba su da mai karantar da su, da yawansu kuma sun riƙe bori. Matan aure kuwa hidimar gida ba ta barinsu tafiya. Sai ta zaɓi dattijai mata amintattu, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa alamar matsayinta. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa Sakkwato, su haddace waƙoƙin da ta tsara kan tsarki da salla da kyawun hali, su koma su koya wa na gida. Da haka karatu ya shiga har cikin ɗakuna.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, magidancin da ya kai ɗansa makaranta ya ɗora wa 'yarsa faifan talla, kuma yana tutiya da bin Shehu, ya kamata ya duba yadda Shehu ya yi da tasa 'yar. Neman ilimi farilla ne a kan namiji da mace, wanda ya hana iyalinsa kuwa za a tambaye shi ranar gobe.

Allah Ya jiƙanta, Ya ba mu albarkacinta, amin.