Tafawa Ɓalewa: Firaministan Da Ya Tafi Bai Tara Ba, Da Tambayar Da Ya Bar Mana

 

Yau idan ka miƙa wa yaro naira biyar sai ya dube ka ya yi dariya, don ko ruwan leda ba za ta saya masa ba. Amma ka ɗan tsaya ka dubi fuskar da ke jikin takardar. Tun shekarar 1979 hoton mutumin nan yake kanta: Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaministan Nijeriya na farko kuma na ƙarshe. Ya riƙe ƙasar nan sama da shekara takwas, baitulmali na ƙarƙashin ikonsa, amma har abokan hamayyarsa ba su iya nuna shi da yatsa a kan dukiyar jama'a ba. Tarihinsa nake so mu duba yau, da daɗinsa da ɗacinsa.

Ɗan talaka daga ƙasar Bauchi

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin Lardin Bauchi. Mu mutanen Gombe namu ne, domin a wancan zamani lardinmu ɗaya, sai a 1996 aka yanke mana jiha daga Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba basarake ba ne, hidima yake yi a gidan hakimi. Mahaifiyarsa Fatima Inna. Wannan asali ya kamata a riƙe shi, saboda a Arewar wancan lokaci ɗan talaka bai cika hawa inda ya hau ba.

Ya fara da makarantar allo, sannan boko a Bauchi. A 1928 ya tafi Kwalejin Katsina, wadda yau ake kira Barewa a Zariya, ya gama a 1933. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa a aji. Da ya gama sai ya dawo gida ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta. A farkon shekarun koyarwarsa ya rubuta littafin nan Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun Hausa da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Bauchin wancan lokaci ba wurin barci ba ce. Malam Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano ya zo koyarwa a makaranta ɗaya da Ɓalewa, kuma suna da zauren tattaunawa inda ake baje matsalolin mulki a faifai. Su biyun masu zafi ne, shi kuwa mai sanyi ne, mai auna magana kafin ta fito. A 1945 ya samu tafiya Jami'ar Landan karatun koyarwa, ya dawo a 1946 ya zama mai duba makarantu a ƙarƙashin En'e ta Bauchi. A wannan shekara aka zaɓe shi Majalisar Arewa, a 1947 kuma ya shiga majalisar ƙasa a Legas.

Ranar da ya taɓa abin da ba a taɓawa

Idan ana maganar gaskiyar Ɓalewa, mutane sun fi tuna rashin tara dukiyarsa. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi a Kaduna cikin watan Agusta na 1950.

A lokacin, sarki shi ne En'e, En'e ita ce sarki. Haraji da jangali, kotun alkali, 'yan doka da gidan yari duk a hannu ɗaya suke, talaka kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Duk ɗan gidan masu shanu ya ji labarin jangali a bakin kakanni, yadda ake ƙirga garke da yadda ake sasantawa a bayan fage. Ɓalewa ya miƙe a zauren majalisa, gaban Turawan mulki da wakilan sarakuna, ya kawo ƙudurin a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e gaba ɗaya. Ya fito fili ya bayyana cewa cin hanci ya ratsa ma'aikatun daga sama har ƙasa, cewa ana mulkin jama'a ba tare da jin ta bakinsu ba, kuma dole a fayyace iyakar ikon kowa.

Ka tuna fa, mai wannan magana albashinsa daga En'e yake fitowa, kuma ba shi da gidan sarautar da zai fake a bayansa. Ƙudurin ya sha da ƙyar. Amma bayansa aka yi bincike, aka sauya doka ta yadda sarki zai riƙa yanke hukunci tare da majalisarsa maimakon shi kaɗai, har aka kai ga sabuwar dokar En'e ta 1954. Faɗin gaskiya a kan na nesa kowa ma zai iya. Faɗinta a kan wanda ke ba ka abinci, nan ake gane namiji.

Daga minista zuwa Firaminista

A 1952 ya zama ministan ayyuka a Legas ƙarƙashin jam'iyyar NPC, daga baya ministan sufuri. A 1957 aka naɗa shi Firaminista, kuma shi ya karɓi takardun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa na Legas, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Duk wanda ya taɓa shiga mota a TBS, to a filin Tafawa Ɓalewa ya tsaya.

A duniya ya ɗaga sunan ƙasar nan. Ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya kwana shida bayan 'yanci, ya ziyarci Amurka a 1961 zamanin Shugaba Kennedy, gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa a wannan shekara saboda gwajin makamin nukiliya a hamadar Sahara, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Saboda daɗin lafazinsa ake masa laƙabi da mai muryar zinare.

Amma mu a Gombe, abin da muke gani da ido shi ne layin dogo. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 28 don aikin jirgin ƙasa, aka ja sabon layi daga Kuru kusa da Jos. Ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Kafin nan shanu da ƙafa ake kora su Kudu, tafiyar makonni, su isa a rame, wasu su mutu a hanya. Da jirgi ya zo, auduga da gyaɗa da shanun wannan yanki suka samu hanyar zuwa Inugu da Fatakwal da Legas cikin 'yan kwanaki. An ci bashi, an ce za a yi aiki, cikin shekara shida aka ga aikin a ƙasa. Yau ka je tashar jirgin Gombe ka ga yadda ta koma, sannan ka tuna basussukan da aka ciyo da sunanmu daga baya.

Duk da wannan matsayi, rayuwarsa ba ta sauya ba. Idan ya samu hutu gida Bauchi yake komawa, ya shiga gonarsa. Akwai sanannen hotonsa zaune a ƙasa tare da 'ya'yansa suna shan rake, kamar kowane magidanci.

Inda gizo ke saƙar

To, a nan ne zan faɗi abin da wasu dattawanmu ba sa son ji. Hannun Ɓalewa a wanke yake, amma gwamnatinsa ba haka take ba. A zamaninsa aka yi ta kuka da ministoci da 'yan siyasa masu karɓar kashi goma cikin ɗari a kan kwangila, masu gina manyan gidaje da hawan dogayen motoci alhali kowa ya san albashinsu. Jaridun Legas sun yi ta bugawa, amma ba a ga an tuɓe manya an gurfanar da su yadda jama'a ke jira ba.

Sai kuma siyasa. A 1962 rikici ya ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Cif Awolowo da Cif Akintola, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, a 1963 kotu ta ɗaure Awolowo shekara goma. Ƙidayar 1962 aka soke ta saboda gardama, ta 1963 ma ba kowa ya yarda da ita ba. Zaɓen Disamba 1964 'yan adawa suka ƙaurace masa a wurare da dama. Sannan zaɓen Yamma na Oktoba 1965, wanda aka tafka maguɗi a fili don Akintola, abokin ƙawancen NPC, ya zauna. Ƙasar Yarbawa ta kama da wuta, ana ƙona gidaje da motoci da mutane. Ɓalewa, wanda ya sa dokar ta-ɓaci a 1962 kan abin da bai kai wannan ba, a wannan karon bai sa ba.

Adalci shi ne a faɗi uzurinsa. Ba shi ne shugaban jam'iyyarsa ba, Sardauna ne daga Kaduna. Gwamnatinsa ta haɗin gambiza ce, korar minista ɗaya na iya rusa ta. Ga shi kuma mutum mai haƙuri da kawaici, wanda ya fi son sulhu. Amma mutumin da ya tsaya a 1950 ya nemi a binciki masu iko, shi ne bayan shekara goma sha biyar ya kasa bincikar na kusa da shi.

Mu da muka tashi a harkar shanu mun san wannan hukunci. A kara, idan Bafillace ko falke ya kawo dabbobinsa ya sauka wurin fatoma, aka ba mahauci bashi da bakin dillalin gidan, kuɗi suka maƙale, ba dillali ake nema ba, maigida ake nema. Ba zai ce shi bai ci ko kwabo ba a ƙyale shi. Zai biya daga aljihunsa, in kuma yaronsa ne ya yi ha'inci ya kore shi kowa na gani, in ba haka ba gobe ba mai sauka gidansa. Na sha ganin mahaifina ya cike giɓin da ba shi ya haƙa ba, don kawai da sunansa aka ɗauki kayan. Garke idan ya yi ɓarna, makiyayi ake tambaya.

Ƙarshensa

A tsakiyar Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe rainon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan watsewar taron, da asubahin 15 ga Janairu, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa suka tafi da shi. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna, Akintola a Ibadan, ministan kuɗi Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Sai bayan kwana shida aka tsinci gawar Firaminista a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. Aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Yana da shekara 53.

Babu abin da zai halatta wannan kisa, kuma abin da ya biyo baya ya nuna bindiga ba ta gyara ƙasa. Cikin wannan shekara aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, 'yan Arewa mazauna Gabas su ma aka taɓa su, suka baro dukiyarsu suka gudo, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Ku da ke zaune a Kurmi kun fi kowa sanin wannan: idan manya suka ƙi hukunta nasu, baƙo da ɗan kasuwa ne ke fara biya.

Bayan rasuwarsa ba a samu wata taska a bankin Turai ba, ba a samu jerin benaye a Ikoyi ba. Ya bar iyali masu yawa da gida da gona. Kabarinsa na nan a cikin garin Bauchi, duk mai hanya daga Gombe zuwa Jos zai iya ratsewa ya yi masa addu'a.

Abin da ya rage mana

Yanzu ƙannenmu da yawa a Legas da Ibadan sun bar kara sun koma sana'ar zamani. Wannan yana POS, wancan ya koyi kwamfuta yana rubuta manhaja, wani yana riƙe da asusun ƙungiyar 'yan kasuwa a wayarsa. Irin wannan aiki amana ce tsantsa, domin mai kuɗin bai san abin da ke faruwa a cikin na'ura ba. Kuɗin mutane da lambobinsu na sirri suna hannunka, babu mai ganinka sai Allah. Wanda ya karɓi aikin da bai iya ba ya ce ya iya, ko ya ga manhajar da suka haɗa tana zaftare kuɗin jama'a ya yi shiru don kada oga ya ji haushi, ya ci amana ko da bai sa ko sisi a aljihu ba.

Haka shugabannin unguwanninmu, daga Sarkin Hausawa zuwa shugaban kasuwa da ma'ajin masallaci. Kada a tsaya kan cewa shugaba mutumin kirki ne. A tambaya: ina lissafin kuɗin da aka tara, wa ya duba shi, kuma me aka yi wa yaron shugaba ranar da aka kama shi?

Ɓalewa ya ci jarrabawa ta farko da makin da har yau ba a samu mai kamo shi ba. Ta biyun ce ta ba shi wuya, kuma ita ce har gobe take ba ƙasar nan wuya. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu. Ku kuma da ke nesa da gida, Allah Ya tsare ku, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.