Jesse Owens: Ɗalibin da jami'o'i suka yi rububinsa

An haifi James Cleveland Owens a ranar 12 ga watan Satumba na 1913 a Oakville, cikin jihar Alabama ta Amurka. Mahaifinsa manomi ne mai noma gonar haya, kuma talauci ya sa iyalin suka yi ƙaura zuwa birnin Cleveland na jihar Ohio.

A wata ƙaramar sakandare ce wani malamin wasanni, Charles Riley, ya gano baiwar yaron. Ganin cewa yakan tafi aikin ƙwadago bayan an tashi, sai ya riƙa horas da shi da sassafe.

A 1933, a gasar 'yan sakandare ta ƙasa da aka yi a Chicago, Owens ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 9.4, daidai da bajintar duniya a lokacin. Nan take masu horaswa na jami'o'i da dama suka shiga zawarcinsa, a ƙarshe ya zaɓi Jami'ar Jihar Ohio.

Sai dai jami'ar ba ta ba shi tallafin karatu ba. Aikin kula da na'urar hawa bene aka sama masa a ginin majalisar jihar, kuma kasancewarsa baƙar fata, ba a yarda ya kwana a ɗakunan ɗalibai ba.

A ƙarƙashin kocinsa Larry Snyder, ranar 25 ga watan Mayu na 1935 a Ann Arbor, ya kafa sababbin bajintoci uku na duniya, ya kuma yi kunnen doki da ta huɗu, duk cikin kimanin minti 45. A 1936 ya ci lambobin zinariya huɗu a gasar Olympics ta Berlin, a Jamus ta zamanin Hitler.

Jami'ar ta amfana da ƙafafunsa, amma shi bai kammala digiri ba. Da hukumar wasanni ta dakatar da shi bayan Berlin, har tsere da dawakai ya yi don neman abinci. Sai a 1972 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, a 1976 kuma Shugaba Gerald Ford ya karrama shi da lambar yabo ta 'yanci.

Ya rasu a Tucson ranar 31 ga watan Maris na 1980 sakamakon ciwon dajin huhu, yana da shekaru 66.