Sarkin Katsina Usman Nagogo, Gwanin Ƙwallon Dawaki

Allah Ya jiƙan Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, ɗan Sarki Muhammadu Dikko. An haife shi a 1905, ya hau gadon sarauta a 1944, ya rasu a 1981. Shekara 37 ke nan Funtuwa da Malumfashi suna ƙarƙashin inuwarsa.

Mu da muka bar fartanya muka rungumi kujerar ofis a birane, har hawan jini da ciwon suga suka same mu a zaune, ya kamata mu dubi yadda ya riƙe jikinsa. Mahaifinsa ne ya kafa ƙwallon dawaki a Katsina, shi kuwa ya koya tun da ƙuruciya, har ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwanaye. Wasan ba na raggo ba ne. Cinya ke riƙe doki, ƙugu ke juyawa, hagu na linzami, dama na sanda, numfashi kuma sai ya jure sukuwa. Rawani bai raba shi da sirdi ba.

'Ya'yansa, Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman, duk sun gaji sandar.